King's Plate: me ya sa tseren dala miliyan 1 ke hana baƙon doki shiga?

A 'yan shekarun nan, duk watan Agusta ake gudanar da tseren dawaki na King's Plate a filin sukuwa na Woodbine da ke birnin Toronto, a Kanada. Kuɗin da ake sa wa tseren dalar Kanada miliyan 1 ne, mai dokin da ya zo na ɗaya ya kwashi 600,000. Sai dai akwai sharaɗi: dokin da ba a Kanada aka haife shi ba, ko da iska yake tsere, ba zai taka filin ba. A nan ake samun saɓani. Wasu na cewa wariya ce tsagwaronta, a bar kowa ya kawo dokinsa a ga mai ƙafa. Wasu kuma na yabawa, suna ganin hanya ce ta kare jinin dawakin ƙasa daga gaurayuwa da na baƙi. Duka ɓangarorin biyu sun ɗauka maganar jini ake yi, alhali dokar tseren ba ta ko kalli jini ba. Abin da take karewa daban ne, kuma sai an bi ta kan rajista da kuɗi kafin a gan shi.

## Wane doki ne Thoroughbred?

Thoroughbred sunan jinsi guda ne na dawaki, ba kowane doki mai kyan asali ake kira haka ba. A Ingila aka samar da shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da ƙarni na 18, lokacin da attajirai suka riƙa shigo da ingarmu daga ƙasashen Larabawa da Turkawa suna haɗa su da goɗiyoyin gida. Duk dokin wannan jinsi da ke raye yau, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, za a tuƙe ga ɗaya daga cikin ingarmu uku: Byerley Turk, Darley Arabian wanda aka sayo daga Halab ta Siriya a 1704, da Godolphin Arabian. A 1791 James Weatherby ya fara fitar da littafin rajistar dawakin, kuma har yau wanda ubansa da uwarsa ba sa cikin rajista ba ya shiga.

Akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata a riƙe, don su ne ginshiƙin sauran bayanin. Ta farko, ba a yarda da yi wa goɗiya allurar maniyyi ba. Dole ingarma ya hau ta da kansa, in ba haka ba ɗan ba shi da takarda. Saboda haka goɗiya ce ke tafiya wurin ingarma, ko da kuwa sai an tsallake iyakar ƙasa. Ta biyu, a arewacin duniya duk dokin tsere yana ƙara shekara ne ranar 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi. Dukushin da aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a Mayu sa'o'in juna ne a takarda, duk da cewa ɗaya ya ba ɗaya wata uku na girma. King's Plate na 'yan shekara 3 ne kawai, ke nan kowane doki sau ɗaya tak yake samun damarsa.

## Inda goɗiya ta haihu, nan ne ƙasar doki

A dokar wannan harka, ƙasar doki ita ce inda ya faɗo ƙasa daga cikin uwarsa. Ba a tambayar inda ubansa yake, ba a tambayar inda aka ɗauki cikinsa. Wanda ake rubutawa a matsayin makiyayinsa kuwa shi ne mai goɗiyar a ranar da ta haihu.

Ga yadda abin yake gudana. Mai gona a lardin Ontario zai loda goɗiyarsa a mota zuwa jihar Kentucky ta Amurka, inda manyan ingarmun nahiyar suke, ya biya kuɗin baye, wanda ga fitattun ingarmu yakan kai dalar Amurka 250,000 a goɗiya ɗaya. Idan ciki ya kama sai ya dawo da ita gida. Bayan kimanin wata 11 ta haihu a bargarsa, ɗan ya zama ɗan Kanada cikakke, ya cancanci King's Plate. Moira, goɗiyar da ta ci tseren a 2022 har ta kafa sabon tarihin gudu a filin, haka take: a Ontario aka haife ta, ubanta Ghostzapper kuwa a lokacin a Kentucky yake turke.

Sharaɗin ma a kan doki kaɗai ya tsaya. Mai doki, mai horarwa da mahayi, kowa na iya fitowa daga ko'ina. Patrick Husbands, mahayin da ya ci tseren a 2003 da 2014 da 2023, ɗan tsibirin Barbados ne. Wanda ya hau Mighty Heart, dokin nan mai ido ɗaya da ya ci a 2020, Daisuke Fukumoto ne daga Japan. Goɗiyar da ta ci a 2024, Caitlinhergrtness, gonar WinStar ta Kentucky ce ta sa ta a tseren. Wanda ya ce ana korar baƙi, to bai duba sunayen masu ɗaga kofin ba.

Ba ko'ina ake auna "ɗan gida" da wannan mudu ba. A jihar Maryland ta Amurka akwai ranar tsere da ake kira Maryland Million tun 1986, kuma can uba ake dubawa: ingarman da ya haifi dokin ya kasance mazaunin jihar. A Ontario ɗin kanta akwai ƙananan tsere da aka keɓe wa 'ya'yan ingarmun lardin, daban da waɗanda aka keɓe wa haifaffun lardin. Wasu wuraren kuma, don kada mutum ya kawo goɗiya ana saura kwana kaɗan ta haihu ya karɓi takarda ya juya, sukan sa sharaɗin ta zauna watanni, ko kuma a sake haɗa ta da ingarman wurin bayan ta haihu.

## Daga gini 50 na Sarauniya Victoria

A 1859 ƙungiyar masu sukuwa ta Toronto ta kai kuka ga Sarauniya Victoria, tana roƙon ta sa kyauta don ƙarfafa kiwon dawaki a yankin. Ta amince da gini 50 duk shekara. Tsofaffin da suka ga zamanin fam da sule za su gane lissafin: gini ɗaya sule 21 ne, ke nan fam 52 da sule 10. Ranar 27 ga Yuni 1860 aka yi tseren farko, doki mai suna Don Juan ya ci. Tun daga nan ba a taɓa tsallake shekara ba, ko a lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu, ko a shekarar korona da aka ɗaga shi zuwa Satumba. Ya girmi Kentucky Derby, shahararren tseren Amurka, da shekara 15, ya girmi ita kanta tarayyar Kanada da aka kafa a 1867.

Sunan yana bin wanda ke kan gadon sarautar Birtaniya. Daga 1952 zuwa 2022 Queen's Plate ake cewa. Da Sarauniya Elizabeth ta biyu ta rasu, Sarki Charles ya hau, sai ya koma King's Plate daga 2023. Da farko dawakin Ontario kaɗai ke shiga, daga baya aka buɗe wa haifaffun Kanada baki ɗaya. Nisan tseren mil ɗaya da kwata ne, wato mita 2,000 da 'yan kai. Dukusai maza suna ɗaukar nauyin kilo 57, mata kilo 55. Shi ne kuma na farko cikin manyan tsere uku na ƙasar: bayansa sai Prince of Wales Stakes a garin Fort Erie, sannan Breeders' Stakes a kan ciyawa a Woodbine. Tun da aka haɗa ukun a 1959, dawaki bakwai ne suka cinye su duka, na ƙarshe shi ne Wando a 2003.

Manufar roƙon 1859 ita ce abin lura. Ba don nishaɗi aka nemi kyautar ba. A wancan zamani doki shi ne motar noma, shi ne motar sufuri, shi ne na soja, kuma dawakin Amurka sun fi na yankin nesa ba kusa ba. In aka buɗe ƙofa, su za su kwashe komai, manomin Ontario kuwa ba shi da dalilin kashe kuɗinsa a kan goɗiya mai tsada.

## Gajeren dokin da babu wanda ya taya

Duk wanda ke kare wannan tsari, hujjarsa ta farko Northern Dancer ce, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kai, don yana nuna yadda "ɗan gida" yake a zahiri.

Attajiri E. P. Taylor, wanda ya yi arzikinsa a kamfanonin giya, ya ƙudura cewa sai Kanada ta fitar da doki na gaban kwatance. A 1952 ya sayi goɗiya mai suna Lady Angela a kasuwar Newmarket ta Ingila. Kafin a kawo ta aka haɗa ta da Nearco, ingarman da aka haifa a Italiya, ta tsallako teku da ciki, ta haifi Nearctic a Kanada a 1954. Daga baya Taylor ya sayo wata goɗiyar, Natalma, daga Amurka. Nearctic da Natalma su suka haifi Northern Dancer ranar 27 ga Mayu 1961 a gonar Windfields da ke Oshawa. Kaka ɗan Italiya, kaka 'yar Ingila, uwa 'yar Amurka: wannan shi ne dokin da Kanada ta fi alfahari da shi a tarihinta.

Ya zo a makare cikin shekara, ga shi gajere. Da aka fito da shi kasuwa yana shekara ɗaya a kan dala 25,000, masu saye suka wuce shi, ya zauna a hannun mai shi. A 1964 ya je Amurka ya ci Kentucky Derby cikin minti 2 cif, gudun da ba a taɓa yi ba kafin nan, kuma ba a karya shi ba sai da doki Secretariat ya zo a 1973. Ya ƙara da Preakness, wani babban tseren Amurka, sannan ya dawo gida ya ci Queen's Plate, wanda ya zama tserensa na ƙarshe saboda ciwon jijiya a ƙafa. Tsere 18 ya yi, ya ci 14.

Abin da ya yi a barga ya fi wanda ya yi a fili. Ɗansa Nijinsky, shi ma haifaffen Kanada, ya cinye manyan tsere uku na Ingila a 1970, kuma har yau ba a sake samun wanda ya yi haka ba. Ta wajen wani ɗan Northern Dancer, Sadler's Wells, aka samu Galileo, Galileo ya haifi Frankel, dukansu zakarun tsere a Turai. A 1983 Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum na Dubai ya biya dala miliyan 10.2 a kan wani ɗan Northern Dancer mai shekara ɗaya, Snaafi Dancer, wanda bai taɓa ko shiga tsere ba. A tsakiyar shekarun 1980 kuɗin bayen Northern Dancer ya kai dala miliyan 1.

Amma ga abin da masu ba da labarin kan tsallake: tun ƙarshen shekarun 1960 aka ɗauke shi daga Ontario aka kai shi reshen gonar da ke Maryland, don nan ne manyan goɗiyoyi za su iya zuwa. Mafi yawan fitattun 'ya'yansa na baya 'yan Amurka ne a takarda. Tseren gida ya taimaka wajen samar da shi, bai iya riƙe shi a gida ba.

## Wa ke cin moriyar, kuma daga ina kuɗin ke fitowa?

Goɗiyar da ta haihu a Ontario ba ita kaɗai ke ci ba. Akwai manomin da ke sayar da ciyawa da hatsi, akwai likitan dabbobi, akwai maƙerin da ke sa wa kofato ƙarfe, akwai direban motar dawaki, akwai 'yan barga masu tashi tun asuba suna kwashe kashi da wanke doki, waɗanda da yawansu a Woodbine baƙi ne daga Jamaika da Barbados da sauran tsibiran Karibiyan. Daga ɗaukar ciki zuwa ranar da dukushi zai fara tsere kusan shekara uku ne ana zuba kuɗi ba a ga ko kwabo ba. In a Kentucky aka haife shi, duk wannan kuɗi can zai zauna. Tseren da aka keɓe, da ladan da ake ba makiyayi duk sa'ad da dokin da ya kiwata ya ci, su ne ke sa mai goɗiya ya ga ribar dawo da ita gida. Takardar "haifaffen Kanada" kanta tana ƙara wa dukushi daraja a kasuwa, tunda mai saye ya san akwai dala miliyan 1 da dawakin Kentucky dubbai ba za su yi takara da shi a kai ba.

A taƙaice tallafin noma ne, sai dai an yi masa ado da sunan sarauta.

Kuɗin kuwa, a faɗi gaskiya, daga caca yake fitowa. Wani kaso na abin da 'yan kallo ke zubawa a kan dawaki shi ake mayarwa kyautar tsere, kuma mai karatu Musulmi ya san hukuncin wannan ba sai an tuna masa ba. A 1998 gwamnatin Ontario ta ba da izinin girke injinan caca a filayen sukuwa, kashi 20 cikin 100 na ribar yana komawa ga filayen da masu dawaki, abin da ya kai kusan dala miliyan 345 a shekara. A 2012 gwamnatin Dalton McGuinty ta ce ta soke shirin, tana mai cewa asibitoci da makarantu sun fi bukatar kuɗin, kuma ya tsaya a ƙarshen Maris 2013. Makiyaya da dama suka sayar da goɗiyoyinsu ko suka kwashe su zuwa Amurka, yawan dukusan da ake haifa ya faɗi, filin Fort Erie ya kusa rufewa. Sai da gwamnati ta dawo da tallafi ta wata hanya, daga baya aka sa hannu a yarjejeniyar shekara 19 da ke ba harkar har dala miliyan 105 a shekara daga 2019. Shekarun nan sun nuna cewa ba King's Plate ke ɗauke da makiyayan Ontario ba. Tsere ɗaya ne a shekara, mutum ɗaya ke ci. Ɗaruruwan ƙananan tseren ranakun mako su ne abincin yau da gobe.

## Abin da masu suka ke riƙe da shi

Sukar farko tana da ƙarfi: wanda ya ci King's Plate ba lallai ne ya zama gwani a idon duniya ba. Hukumomin da ke ba manyan tsere daraja ta ɗaya, ta biyu da ta uku ba sa ba tseren da aka keɓe wa 'yan gida ko ɗaya daga ciki. Saboda haka tsere mafi tsufa a nahiyar cikin waɗanda ba a taɓa katsewa ba, mai dala miliyan 1, ba shi da daraja a wannan ma'auni, kuma dillalan Kentucky da Newmarket da ma'aunin suke sa farashi. An sha ganin dokin da ya ci a Toronto ya tsallaka Amurka ya ɓace a tsakiyar ayari.

Magoya baya sukan amsa da sunaye. Dance Smartly ta ci a 1991, a shekarar kuma ta ci Breeders' Cup Distaff a Amurka, tseren goɗiyoyi na Breeders' Cup, babbar gasar ƙarshen shekara ta nahiyar. Awesome Again ya ci a 1997, ya ci Breeders' Cup Classic a 1998. Moira ta ci babban tseren goɗiyoyi na kan ciyawa a Breeders' Cup na 2024. Gaskiya ne, sai dai sunayen ba su da yawa idan aka jera su kusa da shekara 160 da ɗoriya.

Suka ta biyu ta fi damuna. Tunda ba a duba uba, wanda ke da kuɗin zuwa Kentucky shi ke da rinjaye, ƙaramin makiyayi mai amfani da ingarman unguwa kuwa sai dai ya yi kallo. Ba yau aka fara ba: Joseph Seagram, mai kamfanin barasa, ya ci tseren sau takwas a jere daga 1891 zuwa 1898. Katangar tana tare baƙon doki, ba ta tare babban mai kuɗi. Ga shi kuma harkar gaba ɗaya tana tsukewa: a 1986 an haifi dukusan wannan jinsi sama da 50,000 a Arewacin Amurka, yanzu ba sa kai 20,000 a shekara, kuma Kanada ƙaramin kaso take da shi a ciki.

## Hanyar da Japan ta bi

Japan ta taɓa gina katangar da ta fi ta Kanada tsawo. A shekarun 1970 ko dokin da aka shigo da cikinsa daga waje aka haife shi a Japan ba ya shiga manyan tserensu. Maruzensky, ɗan Nijinsky, ya yi tsere takwas ya ci takwas, amma aka hana shi Derby na Japan a 1977 saboda wannan doka. Da a ce Kanada ta yi irinta, da uban kakansa Nearctic bai zama ɗan Kanada ba.

Sai dai Japan ba ta tsaya ga katanga ba. Iyalan Yoshida sun sayo Northern Taste, haifaffen Kanada kuma ɗan Northern Dancer, daga baya suka sayo Sunday Silence, zakaran Kentucky Derby na 1989. A 1981 aka ƙirƙiro Japan Cup aka gayyato dawakin waje, suka cinye ukun farko a gaban masu gida. A hankali aka riƙa janye shingen: Derby ya karɓi haifaffun waje daga 2001. Yau dawakin Japan su ke zuwa gidan wasu su ɗauko kofi, kamar yadda Panthalassa ya ci Saudi Cup mai dala miliyan 20 a Riyad a 2023, Forever Young ya maimaita a 2025. A ganina bambancin shi ne Japan ta ɗauki kariyar a matsayin lokacin shiri, kuma tana da kasuwar cikin gida mai girman da za ta riƙe ingarmunta. Kanada tana maƙwabtaka da kasuwar dawaki mafi girma a duniya, tafiyar yini guda a mota, don haka janye shingen a wurinta zai iya zama rufe gonaki.

## Da za a kwaikwaya a wajenmu

Masu sukuwa a Kano da Katsina da Yamai sun san wannan matsala ta wata fuskar. Dokin gida daban, dogon dokin da aka kawo daga Sudan ko Chadi daban, balle wanda aka sauke daga jirgin sama. In aka jera su a layi ɗaya an san inda kyauta za ta tafi, kuma mai kiwon goɗiya a ƙauye ba zai ga dalilin wahala ba. Keɓe wa haifaffen gida tserensa da kyauta mai tsoka zai iya taimakawa, kuma ba dole sai da kuɗin caca ba, tunda masarautu da 'yan kasuwa sun saba ɗaukar nauyin irin waɗannan taruka.

Cikas ɗin yana wurin shaida. A Arewacin Amurka ana gwada ƙwayar halittar kowane dukushi don tabbatar da ubansa da uwarsa tun daga haihuwar 2001, kuma daga 2017 ana dasa masa ɗan ƙanƙanen guntun lantarki a wuya mai ɗauke da lambarsa. A kasuwa irin ta Maigatari, inda dabbobi ke shigowa ta iyaka kowane mako, shekarun doki a haƙori ake karantawa, asalinsa kuma a bakin dillali ake ji. Duk wanda zai sa kyauta mai yawa a kan "haifaffen gida" sai ya fara da buɗe rajistar goɗiyoyi da 'ya'yansu, da wanda zai je barga ya gani da idonsa a makon haihuwa, in ba haka ba dokin da ya tsallako iyaka jiya shi zai karɓe ta.